Yadda Masu Harkar Yawon Buɗe Ido a Kano Za Su Fahimci Doka, Su Kuma Nemi Tallafi

Tun daga watan Disambar 2024, lokacin da hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, a taron da ta yi a ƙasar Paraguwai, tambayar da masu sana'o'in da suka dogara da zuwan baƙi suka fi yi mini ita ce inda za a je a karɓi kuɗin. Marina suna tambaya, dukawan Kurmi suna tambaya, haka ma masu ƙananan masaukai da samarin da ke zagayawa da baƙi daga Dutsen Dala zuwa Gidan Makama. Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi musu daɗi ba, domin shiga wannan jeri ba ya zuwa da ko sisin kwabo kai tsaye. Martaba ce, tare da nauyin da ya hau kan gwamnati na kula da al'adar da kai rahoto a kanta. Kuɗin tallafi kuwa akwai shi, a gida da waje, sai dai takarda yake bi, kuma doka ce ke faɗin irin takardar da za a karɓa daga hannun mutum. Na shafe shekaru ina taimaka wa ƙananan ƙungiyoyi rubuta takardun neman tallafi, wasu sun dace wasu sun faɗi, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne tsarin da nake bi da su tun daga ranar farko.

Abin da ake farawa da shi shi ne mutum ya san wanda ke da iko a kan kowane ɓangare na sana'arsa, domin yawancin wahalar da ake sha ta samo asali ne daga ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba gwamnatin tarayya ikon tsara zirga-zirgar 'yan yawon buɗe ido, kuma shekaru da dama hukumar raya yawon buɗe ido ta ƙasa, wadda dokar soja ta 1992 ta kafa, ta ɗauki wannan a matsayin izinin yi wa otal-otal rajista da kasa su aji-aji a duk faɗin ƙasa. Jihar Legas ta ƙi amincewa, ta yi nata dokokin, tarayya ta kai ta ƙara, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 19 ga Yuli, 2013 cewa ikon tarayya ya tsaya ne a kan shigowar baƙi cikin ƙasa da fitarsu, amma bayar da lasisin otal da gidan abinci da sa ido a kansu hurumin majalisar dokokin jiha ne. A kan Legas aka yi shari'ar, sai dai fassara ce ta tsarin mulki, saboda haka ta shafi Kano kamar yadda ta shafi kowace jiha.

Ma'anar wannan ga mai masauki a Fagge ko Nassarawa ko Tarauni ita ce, rajistar wurinsa tana hannun hukumar yawon buɗe ido ta jiha da ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido da al'adu. Idan ya je, kada ya tsaya ga abin da aka faɗa masa da baki. Ya nemi kwafen dokar da ake aiki da ita da jadawalin kuɗaɗen da aka ƙayyade wa irin ajin wurinsa, ya adana su cikin fayil guda. Harajin jiha na hukumar KIRS ne, kuma duk abin da za a biya a biya shi ta banki ko ta hanyar da hukumar ta tanada, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan kasuwancin daidai yadda yake a takardar rajista. Wanda zai mayar da gidan zama masauki, ko ya ƙara bene, ko ya fasa katanga ya fitar da shaguna, izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA yake buƙata kafin ya sa bulo na farko, domin lasisin otal ba ya halatta ginin da ba a amince da shi ba. Ƙaramar hukuma ma tana da nata kuɗaɗen, musamman na shaguna da rumfuna. Harajin VAT kuwa, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, na tarayya ne, kuma tun da aka sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yunin 2025 domin su fara aiki a Janairun 2026, ya kamata duk wata tsohuwar shawara da akanta ya taɓa bayarwa a sake tabbatar da ita. Sannan Kano jiha ce mai aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, dokar 2003 kuma ta kafa Hukumar Hisba, don haka mai masauki ya rubuta ƙa'idojin gidansa a fili, da Hausa da Turanci, ya liƙa a wurin karɓar baƙi, domin baƙon da ya zo daga wata nahiya ya san inda yake tun kafin ya ajiye jakarsa.

Akwai abubuwan da suka rage a hannun tarayya, kuma a nan ne masu sana'ar hannu suka fi faɗawa cikin matsala ba da saninsu ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin fasaha ko na hannu da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana sayar da shi ga kowa sai wakilin da hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fitar da shi daga ƙasa ba tare da takardar izini ba. Ɗan kolin da ke Kurmi, idan aka kawo masa tsohon takobi ko tsohuwar likkafa ko wani abu da aka tono a ƙasa, abin da ya fi masa shi ne ya kai shi Gidan Makama a duba kafin ya sa masa farashi. Ko da kayan sababbi ne da aka yi musu kamar tsofaffi, alheri ne ga mai saye a rubuta masa rasit da ke nuna cewa aikin zamani ne, domin kada jami'ai su riƙe shi a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Haka nan jaka ko takalmin fatar mesa ko kada ko guza, dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 da yarjejeniyar duniya da Najeriya ta sa wa hannu sun shafe su, kuma baƙon da aka ƙwace wa kaya a ƙasarsu ba zai ƙara aiko da kowa wurin wannan baduku ba. Mai kamfanin tafiye-tafiye da ke sayar da tikitin jirgi yana ƙarƙashin hukumar kula da sufurin jiragen sama, wanda ke jigilar Hajji da Umara kuma lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, yake buƙata.

Ɗan jagora da ya fita da baƙi da safe yana ratsa hurumi uku kafin azahar. Gidan Makama da badala da ƙofofinta suna cikin wuraren tarihi na ƙasa da hukumar tarayya ke kula da su, kuma tun 2007 badalar Kano da wuraren da ke tattare da ita suke cikin jerin sharar fage na UNESCO, wato wuraren da ake fatan a sa cikin wuraren tarihi na duniya. Gidan Ɗan Hausa na hukumar tarihi da al'adu ta jiha ne. Gidan Rumfa kuwa fadar Sarki ce, shigarta da ɗaukar hoto a cikinta sai da izinin masarauta. Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci ƙwarai idan aka zo neman tallafi, domin babu mai bayar da kuɗi da zai saki ko taro a kan gyaran wani wuri sai ya ga wasiƙar amincewa daga ainihin wanda doka ta ba ikon wurin.

Abin da na daɗe ina jan hankalin mutane a kai shi ne, dokokin da suka fi taɓa aljihun masu wannan harka sau da yawa ba su ma ambaci yawon buɗe ido ba. A 2019 majalisar dokokin jiha ta yi dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, a Mayun 2024 kuma ta soke ta, kuma a cikin taƙaddamar da ta biyo baya 'yan sanda sun dakatar da hawa a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 bisa dalilin tsaro. Ba gardamar sarauta ta kawo ni ba; abin da ya shafe mu shi ne mai otal da ya cika ɗakunansa da baƙin Hawan Daushe, da mai ɗinkin jalala da kayan doki da ya ci bashi ya sari kaya, da mai motar haya da aka ba kafin alƙalami, duk sun ji a jikinsu. Don haka wanda ke sayar da ziyarar Sallah ya rubuta a yarjejeniyarsa da baƙo abin da zai faru idan ba a yi hawa ba, nawa za a mayar kuma nawa za a riƙe, ya kuma tanadi wani shiri na daban, kamar zagayen karofin Ƙofar Mata da mabuga da Kurmi, ko fita zuwa Tiga. Ƙananan ƙa'idoji ma haka suke: tun Janairun 2013 aka hana acaɓa a birni, kuma safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ce da ake taƙaita zirga-zirga, saboda haka kada a sa wa baƙo fita da ƙarfe takwas a wannan rana.

Bayan sanin hurumi sai haɗa takardu, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake mini ciwo. Wata shekara wata ƙungiyar masu sana'ar hannu a cikin Birni ta nemi in taimaka mata neman tallafin wata gidauniya ta ƙasar waje. Na je na sami dattijon da ke shugabantarsu a zaure, ya sa aka ɗauko masa wani tsohon gwangwanin biskit daga cikin gida, ya buɗe shi a kan tabarma. A ciki akwai hotunansa da Turawa iri-iri, wasu har sun koɗe, da katunan jakadu da malaman jami'a ɗaure da roba, da wata wasiƙar yabo da ta yage a wurin ninki. Na ce masa, "Baba, ina littafin da kuke rubuta baƙin da suka zo da abin da aka sayar?" Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai duk duniya ta san mu, me za mu rubuta?" Gaskiya ya faɗa, an san su, kuma ni ma sai na ruɗu da wannan shahara, na zauna mako biyu ina ƙawata bayanin tarihin sana'arsu, na bar duba ƙananan abubuwa sai daren ƙarshe. A nan na tarar asusun bankin da suke amfani da shi da sunan ma'ajinsu yake, sunan ƙungiyar kuma yadda aka rubuta shi a takardar rajista ya bambanta da na kan hatiminsu da kalma guda. Haka muka aika, kuma ko matakin tantancewa na farko ba mu tsallake ba. Babu wanda ya karanta kyakkyawan tarihin da na rubuta.

Tun daga ranar nake farawa da takardu kafin komai. Mai kasuwanci shi kaɗai zai iya yin rajistar sunan kasuwanci ko ta kamfani a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ƙungiyar da ba don riba aka kafa ta ba, irin wadda gidauniyoyin al'adu suke mu'amala da ita, rajistar amintattu take yi a wannan hukuma, wadda ke buƙatar kundin tsarin ƙungiya da bayanan taron da aka zaɓi amintattun da kuma sanarwa a jarida, don haka tana ɗaukar lokaci, ba a fara ta bayan an buɗe neman tallafi. Masu sana'a ɗaya da ke son haɗa jari da sayen kayan aiki tare, ƙungiyar gama kai ta fi dacewa da su, kuma rajistarta a matakin jiha ake yin ta. Daga nan sai lambar haraji, sai asusun banki da sunan ƙungiya wanda aƙalla mutum biyu za su riƙa sa wa hannu. Bankuna kan nemi takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, daga otal-otal da ƙungiyoyi masu zaman kansu, saboda haka a neme ta tun da wuri. A duk waɗannan takardu suna ya zama iri ɗaya, harafi da harafi.

Sai kuma littafi, wanda ba ya buƙatar kwamfuta ko akanta. Littafin rubutu mai kauri ya isa, a raba shi gida-gida: kwanan wata, yawan baƙin da suka zo, daga ina, me suka saya, nawa aka kashe a kan baba ko fata ko man janareta, yara nawa ne ke koyon sana'a. Ƙungiyar da ta riƙe wannan na shekara guda tana da abin da mafi yawan masu neman tallafi ba su da shi, wato hujjar da za a iya dubawa, kuma wannan littafi shi ne zai yi mata magana a gaban majalisa ma.

Majalisar dokokin Kano tana da mambobi 40, kuma ƙudurin doka yana bi ta karatu na farko, sai na biyu inda ake muhawara a kan manufarsa, sai a miƙa shi ga kwamiti, sannan karatu na uku. Bayan an zartar, tsarin mulki ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, idan kuma ya ƙi, kashi biyu bisa uku na mambobi za su iya sake zartar da shi ya zama doka. Wurin da mai sana'a yake da ta cewa shi ne matakin kwamiti, musamman idan an kira zaman jin ra'ayin jama'a. Kada a je a tsaya ana yabo da addu'a har lokaci ya ƙare, kamar yadda aka saba. A rubuta takarda da ba ta wuce shafi biyu ba, a ambaci sashen da ake magana a kai da lambarsa, a faɗi illar da zai yi da alƙaluman da aka ciro daga littafi, a kuma kawo kalmomin da ake so a musanya da su, sannan a miƙa ta ga sakataren kwamitin a karɓi kwafe mai hatimin shaidar karɓa. Murya ɗaya ba ta cika yin nisa ba, don haka a shiga ta ƙungiyar masu otal ko ta masu sana'a, ko ta cibiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA, a kuma sanar da ɗan majalisar mazaɓa tun kafin ranar zama.

Kasafin kuɗi ma doka ce, kuma ita ce dokar da ta fi kowace shafar tallafi. Gwamna yakan gabatar da shi a watannin ƙarshen shekara, amma ma'aikatu suna haɗa buƙatunsu ne tun watanni kafin nan, saboda haka wanda ke son a sa gyaran magudanar ruwa a wurin sana'arsu ko horar da 'yan jagora, a tsakiyar shekara zai kai takardarsa ma'aikata, ba a Disamba ba. Ana wallafa kasafin da aka amince da shi a intanet. A sauke shi a nemi shafukan ma'aikatar yawon buɗe ido da hukumomin da ke ƙarƙashinta, a bambance kuɗin gudanarwa na yau da kullum da na manyan ayyuka. Sai dai a sani cewa ganin aiki a kasafi izini ne na kashewa kawai, sakin kuɗin wani mataki ne daban da ke buƙatar ma'aikata ta rubuta a amince, kuma ayyuka da yawa sukan kai ƙarshen shekara a kan takarda. Rahoton aiwatar da kasafi da ake fitarwa duk wata uku shi ne ke nuna abin da aka saki a zahiri, kuma da shi ake komawa ofis a yi tuni cikin ladabi.

Idan aka zo ga kuɗin kansa, a fara da rarrabe tallafi da rance, domin a bakin 'yan siyasa da kafafen yaɗa labarai duk tallafi ake kiran su. Abin da Bankin Masana'antu yake bayarwa galibi rance ne da za a biya, Bankin Raya Ƙasa kuma ta hannun wasu bankuna yake bayar da nasa. Kafin a cika kowane fom a tambaya a fili ko za a mayar da kuɗin, ko akwai kuɗin ruwa, da abin da za a jinginar. Wanda ke guje wa riba yana da zaɓi a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, inda za a iya saya masa kayan aiki ta hanyar murabaha ya biya a hankali. A matakin tarayya, tun Oktoban 2024 aka haɗe ma'aikatar yawon buɗe ido da ta fasaha da al'adu, kuma sanarwar shirye-shiryenta da na hukumar raya ƙananan masana'antu, SMEDAN, a shafukansu na hukuma ake tabbatar da ita, ba a saƙon WhatsApp da aka turo ba. Ga matashin da ke son kafa kamfanin zagayawa da baƙi, Gidauniyar Tony Elumelu tana buɗe neman shiga shirinta a farkon shekara, kuma waɗanda aka zaɓa suna samun horo da jarin dala 5,000 da ba a mayarwa.

Kuɗin waje na adana kayan tarihi yana da ƙofofi da dama, kowace da sharuɗɗanta. Asusun jakadun Amurka na adana al'adu, wanda aka kafa a 2001, ƙungiyoyin da ba na riba ba da gidajen tarihi da hukumomi yake ba, ba ya gina sabon gini kuma ba ya gyara kadarar kasuwanci ta wani mutum, kuma a shafin ofishin jakadanci ake duba ko an buɗe shi a shekarar. Akwai kuma gidauniyar ALIPH mai mazauni a Janeba, wadda aka kafa a 2017 domin wuraren tarihi a yankunan da rikici ya shafa. Asusun UNESCO na al'adun da ake gada, wanda hawan Sallah ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyarsa, gwamnatin ƙasa ce kaɗai ke iya nema daga gare shi, don haka hanyar ƙungiya ita ce ta kai shawararta ga hukumomin al'adu domin a sa ta cikin buƙatar ƙasa. A karanta jerin abubuwan da mai bayarwa ya ce ba ya ɗauka kafin a karanta na waɗanda yake ɗauka, domin wannan kaɗai yakan ceci mutum daga ɓata mako biyu. Duk wanda kuma ya nemi kuɗin fom, ko lambar sirrin da banki ya turo a waya, ko kaso daga abin da za a samu, ɗan damfara ne ko da ya zo da katin shaida a wuya.

Wajen rubuta takardar neman, kuskuren da ya fi yawa shi ne buɗewa da tarihi mai tsawo. Mai tantancewa ya riga ya san cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin badala kuma a zamanin Muhammadu Rumfa aka kafa Kurmi, ko kuma zai iya ganowa cikin minti guda. Abin da bai sani ba shi ne ramukan rini nawa ne ke aiki a wurinku yau, nawa suka cike da ƙasa, nawa za a farfaɗo da su da wannan kuɗi, a cikin wata nawa, kuma wa zai ci gaba da kula da su bayan kuɗin ya ƙare. A zaɓi matsala guda da za a iya aunawa, a haɗa da hotuna masu kwanan wata. Kasafin aikin ya fito dalla-dalla, kowane abu da farashinsa daga takardar farashi ta 'yan kasuwa aƙalla biyu, a kuma faɗi canjin dalar da aka yi lissafi da shi da ranar da aka ɗauke shi, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashi yana iya sauyawa tsakanin aikawa da amsa. A nuna gudummawar ƙungiya ko da ta aikin ƙarfi ce ko wurin taro, a yi mata kima da naira. Idan aikin gyaran ginin ƙasa ne, a ambaci maginan gargajiya da za su yi shi da tubali da azara da makuba, domin masu bayar da kuɗin adana tarihi ba sa amincewa da a lulluɓe tsohon gini da siminti. A haɗa da wasiƙar hukumar da ke da wurin, da ta mai unguwa ko hakimi, a kuma aika kwana uku kafin wa'adi saboda halin wuta da intanet.

In Allah ya sa an dace, a kira taron mambobi a karanta musu yarjejeniyar da Hausa sashe-sashe, domin kowa ya ji da kunnensa cewa kuɗin na aiki ne, ba na rabawa ba. Ƙungiyoyi da yawa a wannan gaɓa suke watsewa. Yawanci kashi-kashi ake sakin kuɗin, kuma kashi na biyu ba ya fitowa sai an karɓi rahoton na farko. Kowace biya ta bi ta banki, kowane rasit a ɗauke shi hoto ranar da aka karɓa, domin tawadar na'ura takan goge cikin 'yan watanni a zafin Kano. Lebura ko magini da ba shi da rasit, a rubuta masa takardar biya ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Idan farashin azara ya tashi har ya zama dole a ɗebo daga kuɗin wani ɓangare, a rubuta wa mai bayarwa a jira amsarsa a rubuce kafin a taɓa, sannan a sa kwafen amsar a cikin fayil ɗin da aka ajiye dokar da jadawalin kuɗaɗe da takardun rajista.